Daga Sakkwato Zuwa Jidda, Awa Nawa Ne A Jirgin Sama?

Kowace shekara, da zarar watan Zulƙida ya kama, akwai tambayar da ake ta maimaitawa a gidajenmu na Furfuri da Bunguɗu da Gusau da Tsafe. Ana raka maniyyaci ya shiga mota, sai ka ji an ce, "To, yaushe za su isa?" Wani ya ce awa huɗu ne kacal. Wani ya ce a'a, shi da ya je bara awa bakwai suka yi. Wani kuma ya rantse cewa da za su komo awa uku suka yi. Abin mamaki, kowane ɗaya daga cikinsu yana da tasa gaskiyar.

'Yan'uwana 'yan makaranta, da ku iyayenmu, nufina a wannan ɗan rubutu shi ne mu zauna mu yi lissafin nan da kanmu. Ba ya bukatar komai sai ɗan abin da muke koya a darasin Lissafi da na Labarin Ƙasa. Wanda ya san shi ba zai tayar da hankalin gida ba don an kwana ba a ji labarin Alhaji ba, kuma ba zai zama cikin masu tayar da jijiyar wuya a filin jirgi ba don an ce a dakata.

Na zaɓi Sakkwato da Jidda domin shekaru da yawa maniyyatan ƙasar Zamfara daga filin jirgin sama na Sarkin Musulmi Abubakar na Uku suka riƙa tashi. Shi kuwa birnin Makka ba shi da filin jirgin sama. Alhazai kan sauka ko dai a filin Sarki Abdul'aziz na Jidda, wanda aka buɗe a 1981, ko kuwa a Madina.

Yadda ake auna nisa

Da farko sai mu tuna cewa duniya ba shimfiɗaɗɗiya ba ce kamar tabarma. Mulmulalliya ce kamar lemo. Saboda haka wanda ya ɗora rula a kan taswirar bango ya ja layi daga wannan gari zuwa wancan, ba lalle ne ya sami hanya mafi kusa ba, domin taswirar bango ta miƙe abin da yake a lanƙwashe. Hanyar da ta fi dacewa ita ce a ɗauko ƙwallon taswirar duniya, irin wanda malamin Labarin Ƙasa yake shigowa da shi aji, a samo zare. A dafe bakin zaren a kan Sakkwato, a ja shi ya miƙe tsam har Jidda. Inda zaren nan ya kwanta, nan ce hanya mafi gajarta. Za a ga ya ratsa kudancin Jamhuriyar Nijar, ya wuce ta arewa da Tabkin Cadi, ya keta ƙasar Cadi da ƙasar Sudan, sa'an nan ya tsallake Bahar Maliya.

To, yaya za a mai da tsawon zare ya zama kilomita? Ga dabarar. Kewayen duniya kimanin kilomita 40,000 ne, kuma an kasa shi digiri 360. Idan aka raba 40,000 gida 360, za a ga kowane digiri ɗaya ya tashi kilomita 111 da 'yan kai. Sai a cire zaren nan a kwantar da shi a kan layin da ya raba duniya biyu, inda aka rubuta lambobin digiri, a ƙirga. Tsakanin Sakkwato da Jidda za a sami digiri 33 da rabi. A ninka da 111, sai a sami abin da ya ɗan haura kilomita 3,700. A lissafin iyayenmu da suka saba da mil, kimanin mil 2,300 ke nan.

Da irin wannan awo za a ga cewa daga filin jirgin sama na Malam Aminu Kano zuwa Jidda kimanin kilomita 3,400 ne, daga Gusau kuwa kimanin 3,600. Daga Sakkwato zuwa Madina ya haura 3,800. Matuƙan jirgi suna da nasu mil dabam, wanda suka gada daga masu jiragen ruwa, tsawonsa mita 1,852. A nasu awon, Sakkwato zuwa Jidda kimanin mil 2,000 ne. Don haka in ka ji lambobi sun sha bamban, fara tambaya tukuna da wane mudu aka yi awon.

Gudun jirgi

Manyan jiragen da ke jigilar alhazai, idan sun kai ƙololuwar tashinsu, watau tsakanin mita 10,000 da 12,000 daga ƙasa, sukan yi gudun kimanin kilomita 850 a awa. Kilomita 14 ke nan a kowane minti ɗaya. Dalilin da ya sa suke hawa can nesa shi ne iskar wurin ba ta da kauri, ba ta tare jirgi ƙwarai, saboda haka gudu ya fi, shan mai kuma ya ragu.

Ƙa'idar da muka koya tun a aji ɗaya ita ce, a raba nisa da gudu, sai a sami lokaci. To, a raba 3,700 gida 850. Amsa ita ce awa 4 da kimanin minti 20. Ga gaskiyar mutumin da ya ce awa huɗu.

Amma fa jirgi ba ya fara tafiya da cikakken gudunsa. Sai ya bar inda ya ɗauki mutane, ya gangara sannu a hankali kamar mota zuwa bakin titinsa, ya jira izini daga hasumiya. In ya tashi, zai ɗauki wajen minti 20 ko fiye yana hawa. In ya kusa isa, sai ya fara rage gudu yana saukowa tun da sauran tafiya mai yawa a gabansa, wani lokaci ma a ce ya yi ta kewaya har layi ya zo kansa, musamman lokacin aikin Hajji da jiragen duniya ke tururuwa wuri ɗaya. Saboda haka in an gama rabawa, sai a ƙara aƙalla rabin awa. Awa 4 da minti 20, a tara da minti 30, ya zama awa 4 da minti 50. A taƙaice dai a ce awa biyar.

Abubuwan da ke ƙara ko rage lokaci

Na farko iska. Jirgi cikin iska yake iyo, kamar yadda kwalekwale yake tafiya cikin gulbi. Mai bin ruwa ya fi mai haurawa sauri, ko da ƙarfin tuƙinsu ɗaya. Alal misali, a ce akwai iska mai gudun kilomita 50 a awa. In tana bayan jirgin, gudunsa a kan ƙasa ya zama 900, sai ya cinye kilomita 3,700 cikin awa 4 da minti 7. In kuwa ta gabansa take busowa, gudun ya koma 800, sai ya yi awa 4 da minti 37. Rabin awa ke nan tsakani, alhali jirgi ɗaya ne, hanya ɗaya. Wannan ne ya sa zuwa da komowa ba su cika yin daidai ba.

Na biyu hanya. Mutane da yawa suna zaton sararin sama fili ne fetal, kowa ya bi inda ya ga dama. Ba haka ba ne. Sama tana da hanyoyinta da aka shata, kuma kowace ƙasa ita ke da ikon sararin da ke bisa kanta. Jirgi ba ya ratsa ƙasar wasu sai da izini. Mun ga misalin wannan a 2023. Ran 15 ga Afrilu na shekarar yaƙi ya ɓarke a Sudan, aka rufe sararin samaniyar ƙasar, ga shi kuwa zarenmu na ɗazu ta arewacin Sudan ya bi. Tilas jiragen alhazan Nijeriya na shekarar suka yi zagaye. Tafiya ta ƙara tsawo, shan mai ya ƙaru, kamfanonin jirage suka nemi ƙarin kuɗi. Sakkwato ba ta matsa ba, Jidda ba ta matsa ba, amma yaƙin da ake yi a Hartum ya taɓa aljihun manomin da ya sayar da shanunsa a Zamfara don ya sauke farali.

Na uku yanayi. In hazo ya yi kauri lokacin hunturu, matuƙi ba ya iya hangen titin sauka, sai a hana tashi ko a karkata jirgi zuwa wani gari. Da damina kuma hadari mai tsawa yakan sa jirgi ya kauce ya kewaye shi. Wani lokaci kuma jirgi yakan ya da zango a hanya don shan mai ko ɗaukar wasu mutane, kowace sauka kuwa tana cin awa ɗaya ko fiye.

Rikicin agogo

Yanzu sai mu zo ga mutumin da ya ce awa bakwai, da wanda ya ce awa uku. Duniya tana juyawa sau ɗaya cikin awa 24, watau digiri 15 a kowace awa. Tana juyawa ne zuwa gabas, saboda haka mutanen gabas suna riga mu ganin rana. Sakkwato tana kan digiri 5 ne gabas da layin da ake fara ƙirga daga gare shi, wanda ya ratsa ta birnin Landan. Jidda kuwa tana kan digiri 39. Bambancin digiri 34 ne, watau awa biyu da 'yan mintoci a tafiyar rana. Shi ya sa agogon Saudiyya yake gaban na Nijeriya da awa 2 cur. In muna ƙarfe 12 na rana a Furfuri, su suna ƙarfe 2.

To, a ce jirgi ya bar Sakkwato da ƙarfe 8 na safe, ya yi awa biyar. Agogon hannun Alhaji zai nuna ƙarfe 1 na rana sa'ad da suka sauka, amma agogon bangon filin jirgin Jidda zai nuna ƙarfe 3. Wanda ya ƙirga daga 8 zuwa 3 sai ya ce awa bakwai suka yi. Ran komowa kuma, a ce jirgi ya bar Jidda da ƙarfe 8 na safe. A lokacin nan ƙarfe 6 ne a gida. Bayan awa biyar sai ya sauka Sakkwato da ƙarfe 11. Wanda ya ƙirga daga 8 zuwa 11 sai ya ce awa uku ne. Alhali duka biyun awa biyar ne. Awa biyun da agogo ya ranta wajen zuwa, su ya biya wajen komowa.

Abin lura a nan shi ne, lokacin da ake rubutawa a takardar tafiya koyaushe na garin da ake magana a kansa ne. Na tashi agogon garin tashi, na sauka agogon garin sauka. Ya kamata duk ɗan makarantar da za a tafi da wani nasa ya zaunar da shi ya bayyana masa wannan, ya kuma tuna masa ya tura agogonsa gaba da awa biyu in sun sauka, saboda lokutan salla da na shan magani ga mai shan magani.

Tafiyar da ba a lissafawa

Duk abin da muka faɗa a baya daga filin jirgi ne zuwa filin jirgi. Amma Alhaji ba a filin jirgi yake kwana ba. Tafiyarsa daga ƙofar gidansa take farawa. Daga Gusau zuwa Sakkwato a mota ya haura kilomita 200, ta Bunguɗu da Maru da Talatar Mafara da Tureta, tafiyar awa uku ko huɗu gwargwadon kyan hanya. Abin dariya ma, yamma ake nufa da shi, alhali gabas za shi. Jirgi kuwa da cikakken gudunsa bai fi ya yi minti 15 tsakanin garuruwan nan biyu ba. Kafin wannan akwai zaman sansanin alhazai. Bayansa akwai awon kaya, da duba fasfo, da bincike, da jiran jirgi. In an sauka Jidda akwai wani layin na jami'an shige da fice, ga mutane ɗaruruwa daga jirgi ɗaya, ga kuma wasu jiragen sun sauka tare. Daga nan sai mota: ƙasa da kilomita 100 zuwa Makka, ko kuwa fiye da kilomita 400 zuwa Madina.

In aka tara duk wannan, za a ga awa biyar ɗin nan na sama su ne ƙaramin kashi na tafiyar. Mutum yana iya barin gida yau, bai sa haƙarƙarinsa a masauki ba sai gobe ko jibi, kuma babu abin da ya same shi sai alheri. Saboda haka in an ji jirgi ya tashi, kada a ƙirga awa biyar a fara kuka don waya ba ta shigo ba. Mai yiwuwa yana kan layi, ko bai sami layin wayar ƙasar ba tukuna.

Wannan lissafi ne kuma zai nuna mana amfanin filin jirgi na kusa da gida. A 2024 gwamnatin Jihar Zamfara ta ƙaddamar da aikin gina babban filin jirgin sama a Gusau. A sama, bambancin tashi daga Gusau da tashi daga Sakkwato bai kai minti 10 ba, tun da ratar ba ta wuce kilomita ɗari da 'yan kai ba. Ribar a ƙasa take: awoyin mota, da wahalar tsofaffi, da fargabar kada dare ya yi wa mutum a hanya.

Jiya da yau

Don mu san darajar awa biyar, sai mu waiwayi kakanninmu. A ce mutum yana tafiyar kilomita 30 kullum a ƙasa, ba hutu, ba ciwo, kuma hanyar a miƙe take kamar zarenmu. Zai yi kwana 123, watau wata huɗu. Amma ba wanda ya taɓa yin ta haka. Mahajjatan dā sukan bi ta Barno, su shiga Cadi, su ratsa Darfur, su kai Hartum, su gangara Sawakin a bakin Bahar Maliya, sa'an nan su shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. In guzuri ya ƙare sai a tsaya a yi noma ko ƙodago a tara wani. Tafiyar takan ci shekaru. Wasu sun rasu a hanya, wasu sun zauna can, har yau zuriyarsu na nan a Sudan suna jin Hausa. Shi ya sa a dā mai niyyar Hajji yakan raba gado da bakinsa, ya nemi gafarar kowa, kafin ya fita.

Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya yi Hajji a 1921 ta jirgin ruwa, ya bi ta Ingila. Jiragen sama kuwa sun fara sauka Kano ran 1 ga Nuwamba 1925. Guda uku ne na sojan Ingila, sun taso daga kusa da Alƙahira ran 27 ga Oktoba, suna tafe suna ya da zango a Sudan da Cadi, ba su iso ba sai a rana ta shida. A 1936 aka fara jigilar fasinja ta sama tsakanin Hartum da Kano. Wajen ƙarshen shekarun 1940 wasu attajiran Kano, cikinsu har da Alhaji Mahmud Ɗantata, suka kafa ƙungiyar jigilar alhazai, wadda daga sunanta ne unguwar Wapa ta Fagge ta samo nata. Tafiyar shekaru ta koma ta watanni a mota, daga baya ta koma ta yini guda a jirgi.

Sauri ya haifi nawa

Saura magana ɗaya, ita ce ta jinkiri. Ba abin da ke ɓata wa matafiyi rai kamar a ce masa jirgi ba zai tashi ba sai an jima, ko sai gobe. Gaskiya ne wani jinkirin sakacin ma'aikata ne, kuma daidai ne mutane su nemi a gaya musu dalili, a kuma kula da ci da shansu da makwancinsu. Amma akwai jinkirin da shi ne rai.

Ran 11 ga Yuli 1991 wani jirgi ƙirar DC-8, wanda kamfanin Nigeria Airways ya yi amfani da shi a haya daga wani kamfanin ƙasar Kanada, ya tashi daga Jidda ɗauke da alhazai zai kawo su Sakkwato. A lokacin nan ƙasar Zamfara tana cikin Jihar Sakkwato, domin sai a 1996 aka ba mu tamu jiha. Binciken da aka yi daga baya ya nuna cewa wasu tayoyin jirgin ba su da isasshiyar iska. An lura da haka kafin tashi, amma aka ƙi tsayawa a gyara don kada a makara. Jirgin na cikin gudu a kan titi tayoyi suka fashe, wuta ta kama. Da ya ɗaga aka naɗe ƙafafun cikin cikinsa tare da wutar. Matuƙa suka juyo don su sauka, amma ba su kai ba. Mutum 261 ne a ciki, ba wanda ya tsira. Allah ya jiƙansu da rahama.

Ban kawo wannan don in tsorata kowa ba. Dubban jirage suna tashi suna sauka lafiya kowace rana a duniya, kuma dalilin lafiyar tasu shi ne dokokin nan masu cin lokaci: a duba taya, a duba inji, a auna kaya, a jira hazo ya washe, a bar matuƙi ya yi barcinsa. Jinkirin da aka guje wa a Jidda ran nan ba zai kai ko yini ɗaya cikin shekarun da kakanninmu suka yi a hanya ba. Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. In aka ce ana gyara, addu'a ta fi hayaniya amfani.

Ɗan aikin gida

Ga tambaya ga 'yan'uwana, kowa ya gwada kafin ya dubi amsa. Jirgi ya bar Kano da ƙarfe 10 na dare zai tafi Jidda, nisa kilomita 3,400, gudu kilomita 850 a awa. Ƙarfe nawa zai sauka a agogon Jidda? Matakan uku ne: a raba nisa da gudu, a ƙara rabin awa na tashi da sauka, sa'an nan a ƙara awa 2 na bambancin agogo. Wanda ya sami ƙarfe 4 da rabi na asuba ya ci. Wanda ya ci kuwa sai ya koya wa na gida, don ilmin da bai fita daga aji ba bai gama amfani ba.

Allah ya kai maniyyatanmu lafiya, ya komo da su lafiya, ya ba mu ikon zuwa mu ma. Haza wassalam.